Kafin Ka Tafi Ziyarar Dangi a Birtaniya

Duk shekara iyaye da ƙanne da surukai suna sauka a filayen jirgin Heathrow da Gatwick da Manchester don ganin 'ya'ya da jikoki, kuma duk shekara kurakuran da ake yi ba sa canzawa. Yawancinsu tun daga gida ake shuka su, ranar da aka zauna cika takardar neman biza. Ba sa tsirowa sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da mutum ya sake nema aka hana shi, ya rasa dalili.

Layin waya da hawa jirgin ƙasa da sanin hanya ba abin ɓata lokaci ba ne, mai masauki zai nuna maka cikin kwana biyu. Ka dai sani motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin sufuri na Oyster ko katin banki. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni kuma sai bayan tara na dare, don haka ka nemi jadawalin lokutan salla na garin da ka sauka. Inda ake shan wuya shi ne takardu.

Bizar ziyara tana ba ka izinin zama na wata shida, iyaka, a kowace shiga. Ko mai shekara 2 aka ba ka, ko 5, ko 10, wannan iyakar ba ta ƙaruwa. Ana iya nema wata uku kafin tafiya, amsa kuma galibi takan fito cikin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu. Jami'in da zai duba bai san ka ba, bai san gidanku ba, bai san mutuncinka a gari ba. Takarda kawai yake gani, yana neman amsar tambaya uku: da gaske ziyara ce, akwai kuɗin ɗaukar nauyinta, kuma za ka koma gida?

Bayanan asusun banki ne suka fi kayar da mutane. Mutumin da ɗan abin da ke shiga asusunsa a wata sananne ne, sai ga maƙudan kuɗi sun faɗo mako biyu kafin ya nemi biza, wani ɗan'uwa ya ranta masa don asusun ya yi kyan gani. Jami'in yakan duba watannin baya, galibi shida ake nunawa, ya ga kuɗin ba su da asali, ya rubuta cewa bai gamsu naka ba ne. Ƙaramin asusu mai tafiya daidai da albashinka ko cinikinka ya fi babba wanda ba ka iya bayaninsa. In fili ka sayar ko mota, ko gado aka raba, haɗa da takardar da ta nuna haka. In ɗanka ne zai ɗauki nauyin tafiyar, doka ta yarda: ya rubuta wasiƙar gayyata mai adireshi da kwanakin zuwa da komawa, ya haɗa da shaidar izinin zamansa, takardun albashinsa, bayanan bankinsa, da yarjejeniyar hayar gidan. Kai kuma ka nuna abin da zai dawo da kai, ko aiki da takardar hutu, ko kasuwanci, ko iyalin da ka bari. Duk takardar da ba da Turanci ba sai an haɗa ta da fassarar da mai fassara ya sa wa hannu. Ka duba sunanka harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, da ranar haihuwa iri biyu, sun isa su jawo tambaya. Kada ka sayi tikiti kafin amsa ta fito, ba a buƙatarsa a matsayin shaida.

Sai maganar masu cika wa mutane fom. Akwai na kirki, amma duk abin da aka rubuta da sunanka kai ne ka faɗe shi. Ana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza, kowace ƙasa ce. Mai cikawa ya danna "a'a" don ya gama da wuri, alhali Amurka ta hana ka shekarun baya. Hanin da aka taɓa yi maka ba ya rufe ƙofa, ɓoye shi ne yake rufewa, domin yaudara ko takardar jabu tana jawo haramcin shiga na shekara goma. Abin takaici ne a ga dattijo mai gaskiya ya rasa ganin jikokinsa shekara goma saboda bai ce a karanta masa abin da aka rubuta ba. Zauna, a karanta maka layi-layi kafin a tura. In kuma an hana ka, tun 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara a kan bizar ziyarar dangi. Hanyar da ta rage ita ce ka karanta takardar hanin da kyau, ka sake nema kana amsa kowane dalili da shaida. Sake tura tsofaffin takardun asarar kuɗi ne kawai.

Biza a hannu ba ta gama magana ba. Jami'in bakin iyaka yana da ikon mayar da mutum daga filin jirgi. Rubuta adireshi da lambar mai masaukinka a takarda, kada ka dogara da wayar da cajinta zai iya ƙarewa, kuma abin da ka faɗa da baki ya dace da abin da ke cikin fom. Hajiya takan ce da zuciya ɗaya, "Na zo in riƙe musu yara su je aiki." Taimaka wa 'yarki da jego na ɗan lokaci ba laifi ba ne, amma in magana ta nuna an kawo ki a madadin mai raino na watanni, za a iya ɗaukarsa aiki, baƙo kuwa ba ya aiki, ko da biya ko babu. Tsayawa a shagon ɗan'uwa "don rage zaman banza" yana cikin wannan hani. Ɗaura aure a hukumance ma yana da bizarsa daban.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na tsawon zama. Ka rubuta mako uku, ka zauna wata biyar da rabi, kana cewa ai ba ka wuce shida ba. Gaskiya ne ba ka karya doka ba, amma a nema na gaba za a tambayi yadda mai aiki ko mai shago ya bar harkarsa wata biyar, kuma maganarka ta farko ta rasa nauyi. Haka in kana fita ka dawo a kai a kai har zamanka a can ya fi na gida. Wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 30 yana fuskantar haramcin aƙalla shekara ɗaya ko da ya fita da kansa, kuma ya ɓata wa mai masaukinsa gayyatar duk wanda zai biyo baya. Ka kuma sani wannan biza ba ta shiga da kai Faransa ko Jamus. Nasu daban ne.

Lafiya ma takarda ce. A Ingila ganin likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an kwantar da baƙo, kuɗin ya hau kansa, kashi 150 cikin ɗari na ainihin farashi. Bashin asibiti na fam 500 ko fiye da ba a biya ba yana iya hana biza nan gaba. Sayi inshorar tafiya, ka bayyana hawan jini ko ciwon suga a ciki, in ba haka ba za su ƙi biya ranar buƙata. Taho da maganinka a kwalinsa na asali tare da wasiƙar likita, musamman masu ƙarfi irin su tramadol, wanda doka ta taƙaita. Mai ciki ta sani haihuwa ba kyauta ba ce ga baƙuwa, kuma tun 1983 haihuwa a can ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa kai tsaye. Lambar gaggawa 999, ta shawarar lafiya 111. Nama, ɗanye ko busasshe, da kayan madara ba a shiga da su ƙasar. Ƙwace su ake yi. Tsabar kuɗin da ta kai fam dubu goma dole a bayyana ta.

Mai masauki kuma ya buɗe yarjejeniyar hayarsa kafin ya aika gayyata. Wasu sun ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi, musamman inda mutum yake hayar ɗaki ɗaya cikin gidan haɗaka. Rubuta wa mai gida saƙo, ka faɗi wanda zai zo da kwanakin, ka ajiye amsarsa. Baƙo shi ma ya tausaya: gidan da ka gani a hoto ɗaki biyu ne, haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama gida sun cinye rabin albashi ko fiye, ɗanka kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Mutanenmu a can ba abin rainawa ba ne. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ɗalibai, kuma tun 1957 ake watsa shirye-shiryen Hausa na BBC. Sunan da suka gina da maƙwabta ne kake shigowa cikinsa, shi ya sa ƙananan abubuwa suke da nauyi: bin layi, raba shara yadda aka tsara, rage murya daga sha ɗaya na dare domin bango ɗaya ya raba ku da mai tashi aikin asuba. Kada ka ɗauki hoton yaran mutane, kada ka ɗaga wa jika hannu. Sikotilan ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wales ta bi a 2022, a Ingila ma malamar makaranta za ta kai rahoto in ta ga tabo.

Sababbin zuwa sukan yanke hukunci a makon farko cewa mutanen nan ba su da zumunci, don maƙwabci ya gyaɗa kai kawai ya wuce. Wannan gaggawa ce. Maƙwabcin nan shi ne zai karɓi saƙonka in ba kowa a gida, ya ajiye, ya ƙwanƙwasa da yamma ya miƙo. In aka yi rasuwa, kati ne za ka tarar an zuro ta ƙofa, da rubutun hannu. A bakin ƙofar manyan kantuna akwai akwatin da masu saye ke jefa gwangwanin abinci don marasa hali, ba wanda ya san wa ya saka. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na mazauna Landan a wata ƙasa aka haife su, kuma Musulmi a Ingila da Wales sun kusa miliyan huɗu, don haka baƙuntarka ba sabon abu ba ce ga kowa.

Ka nemi a bar ka ka ɗauko jika daga makaranta ko sau ɗaya. Sai iyayen sun ba da sunanka a ofis tukuna, in ba haka ba ba za a miƙa maka yaro ba. Da misalin ƙarfe uku za ka tarar da kakanni a bakin ƙofa, wata 'yar asalin Indiya, wani Bature mai sanda, wata 'yar Somaliya, kowa riƙe da ƙaramar rigar sanyin da yaro ya ƙi sakawa da safe, kowa yana leƙen ƙofar aji ɗaya. Gaishe su. Kwana uku a jere ya isa wata ta tambaye ka wanne ne naka, ta nuna maka nata.