Yadda ake tafiyar da cibiyar gwamnati ta jinyar masu shaye-shaye a Zamfara

Rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Saboda haka duk wanda aka damƙa wa cibiyar jinya a Gusau ko Kaura Namoda ko Talata Mafara, ya sani tun farko cewa gadajensa ba za su wadatar ba, kuma ingancin aikinsa ya rataya ne ga yadda yake karɓar majinyaci da yadda yake sallamarsa.

Sau da yawa iyaye kan kawo yaro a ɗaure, ransu a ɓace. A kwance shi, a ba shi ruwa, sannan ma'aikaci ya keɓe da shi, domin ba zai faɗi gaskiya a gaban mahaifinsa ba. A tambaye shi abin da yake sha, ko tiramol ne, ko kodin, ko wiwi, ko sholisho, ko ƙwayar barci, guda nawa a rana, kuma yaushe ne shansa na ƙarshe. A auna jininsa, a duba ciwon hanta da tarin fuka da ƙanjamau da yardarsa. Wanda yake jin muryoyi ko yake maganar hallaka kansa, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gan shi a ranar, idan kuma babu, a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.

Makon farko shi ne mai wuya. Mai barin tiramol ko kodin zai yi ta hamma da gumi, gaɓoɓinsa na ciwo, ga zawo, ga rashin barci, kuma a dararen wannan makon ne yake tunanin tsallake katanga. Wanda ya saba da ƙwayar barci irin diyazefam kuwa ba a yanke masa lokaci guda, sai dai likita ya riƙa ragewa sannu a hankali, domin yankewar na iya jawo jijjiga mai kisa. Don haka wajibi ne nas ta kwana a ɗakin jinya, ba maigadi kaɗai ba, kuma allurar naloksan, wadda ke farfaɗo da wanda kodin ko tiramol ya danne wa numfashi, ta kasance a kusa. Mari da bulala ba su da gurbi a nan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin majinyaci.

Ɗakin magani na buƙatar kundi da sa hannun mutum biyu. A bakin ƙofa kuma a buɗe kular abinci, a duba cikin burodi da naɗin hula, har da jakar ma'aikata, wanda shi ne abin da shugabanni suka fi jin nauyin yi. Mata su samu sashensu da ma'aikata mata, tare da ranar ganin likita ba tare da kwanciya ba, domin matar aure ba kasafai za ta yarda a san an kwantar da ita ba.

Sallama ce ta fi samun sakaci. Jikin da ya yi makonni babu ƙwaya ya daina jure abin da ya saba, don haka idan ya koma ya sha adadinsa na da, yana iya rasa ransa. A faɗa masa wannan ƙarara a gaban iyalinsa. A haɗa shi da mai ɗinki ko mai walda ko mai gyaran waya da ya amince ya riƙe shi. Mutumin Anka ko Zurmi ba zai iya zuwa Gusau kowane mako ba, ga tsadar mota ga halin da hanya ke ciki, sai a riƙa kiransa a waya, a kuma sanar da asibitin garinsu. Shugaban cibiya ya buɗe kundi na waɗanda aka samu labarinsu bayan wata uku da wata shida, wanda ya koma shan kuma a karɓe shi ba gori. Wannan kundin zai kai wa Ma'aikatar Lafiya lokacin neman kasafi.