Kurakuran da muke ta maimaitawa duk damina, daga bakin wanda ruwa ya taɓa cinye wa sito

Shekaranjiya da yamma wani yaro da ya kama haya a layinmu nan unguwar Waliya ta Njamena ya shigo shago yana nuna min bidiyo a waya, wai mahaukaciyar guguwa ce ta tunkaro wani gari a Amurka, mutane na ta buga katako a tagogi suna loda kaya a mota, yana cewa kai Alhaji mu dai Allah ya raba mu da wannan. Na ce masa gaskiyarka, irin wannan guguwar a kan ruwan teku mai ɗumi take haɗuwa, mu kuwa ina mu ina teku, ba za ta zo Njamena ba. Sai na tambaye shi, ɗakin nan da ka kama, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a jikin bangonsa a 2022? Ya yi shiru, bai ma san akwai abin tambaya ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don wallahi na gaji, duk shekara sabbin zuwa da sabbin magidanta suna faɗawa ramin da muka faɗa muka fito da ƙyar. Ko a can Amurkar ma, Katrina ta 2005 ba iska ce ta fi kassara New Orleans ba, jingar da ke tare ruwa ce ta ɓalle ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin. To ruwa da jinga kam mun san su, namu ne.

Babban kuskuren, wanda ni ya kusa tsiyata ni, shi ne mutum ya ɗaga kai ya ga sama ta yi fes a ƙarshen Satumba ya ce shikenan damina ta wuce an tsira. Ba a tsira ba ɗan uwa, lokacin ma abin yake tahowa. Ruwan da ke cika kogin Shari da Logon ba a kanmu yake sauka ba. Shari daga Afirka ta Tsakiya yake tasowa ya bi ta Sarh, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, ya bi ta Mundu da Lai da Bongor, su biyun su zo su haɗu nan tsakaninmu da Kuseri ta Kamaru. Ruwan da aka tafka can kudu a Agusta da Satumba sai ya yi makonni yana hanya, shi ya sa kogi yake kai ƙololuwar cikarsa a nan wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, rana na ƙwallewa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ruwa kuma yana hawa kullum kamar ana hura shi.

A 2022 ni da hankalina da shekaruna na yi wannan wautar. Kaka ta fara, hatsi ya yi sauƙi, na kwashe abin da nake da shi har da kuɗin ajiyar mutane na sayi gero da dawa na jibge a sito, a ƙasa fa, kan dandaɓe, ko katako ban shimfiɗa ba don a ganina ruwan sama ya ɗauke me zai jiƙa su. Wani tsoho maƙwabcina da ya girmi babana ya leƙo ya ce ɗana ka ɗaga buhunan nan, kogi bai gama magana ba. Na ce to Baba, a raina ina cewa tsoho da tsoro. Tsakiyar Oktoba ruwa ya ci jinga ya shigo unguwa, cikin dare, ba hadari ba tsawa, sai ihun mata kawai da kukan awaki. Kafin in kwashe yara in kai su kan titi in dawo, ruwa ya kai cinya a ƙofar siton. Bayan kwana uku da na samu kwalekwale na koma, buhunan ƙasa sun kumbura sun fashe, na sama sun sha danshi sun fara tsiro, warin kuwa har yau in na ji warin tsamin gero sai gabana ya faɗi. Ranar 19 ga watan ne aka ayyana dokar ta-ɓaci a ƙasa saboda ambaliyar, mutane sama da miliyan ɗaya abin ya shafa, wasu maƙwabtanmu sun yi watanni a tantuna wajen Tukra da Kundul. Ni shekara biyu na yi ina biyan bashin gero da ko tsaba ɗaya ban sayar ba.

Abin da nake yi yanzu, ba wai wani ne ya koya min a takarda ba, daga farkon Satumba duk direban da ya shigo daga Bongor ko Sarh sai na tsare shi na tambaye shi yaya kogi a wajenku, ya kai ina, ya wuce na bara ko bai kai ba. Ina da wani ƙarfe da na kafa a gangaren bakin ruwa na yi masa zane da fenti, duk asuba bayan salla nake bi in duba, in na ga kwana uku a jere yana hawa babu tsayawa to ba na jiran sanarwar kowa. Rediyo ma ina ji, amma ƙarfena na fi yarda da shi. Hatsi kuma ba ya kwana a sitona na Waliya sai Disamba ta kama, gara in biya hayar ajiya a tudu, in ma dole ce to kan durom da katako, sama da inda tabon ruwan 2022 ya tsaya. Tabon nan ban yarda an shafe shi da fenti ba, na ce a bar min shi.

Wasu kuma bayan an sha ta 2022 sai suka ce ai irin wannan sai bayan shekara talatin. 2024 ta zo ta ƙaryata su, duk lardunan ƙasar 23 sai da ruwa ya taɓa, kusan mutum miliyan 2, rayuka sama da 500, har can Tibesti cikin hamada ruwa ya kashe mutane. Yagwa ta Kamaru ta nutse, Maiduguri madatsar Alau ta ɓalle a Satumba. Duk wanda yake ce maka ba a jere shekarun ambaliya kusa da kusa ka bar shi da lissafinsa.

Na biyu da yake ƙona min rai shi ne rufin kwano. Iskar farkon damina, Mayu zuwa Yuni, wadda za ka ga gabas ta yi ja sannan ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta riga ruwa isowa, ita ce tamu guguwar, kuma ita ba ta ba ka kwana uku kamar ta Amurka, minti ashirin ne in ka yi sa'a. Mutum zai kashe kuɗi ya sayi kwano mai kyau sannan ya tsaya cinikin ƙusa. Ni ma na yi. Kafintan da ya yi min rufin ɗakin uwargida ya ce a sayo waya a ɗaure katakon a jikin gini, na ce a'a nauyinsa ya isa, na ɗora bulo shida da tsohuwar taya a sama kamar yadda kowa ke yi. Ranar da iska ta zo ba kwano ɗaya ta ɗauka ba, rufin gaba ɗaya da katakonsa ta ɗaga kamar faifai ta kifa a gidan maƙwabci, bulon da na ɗora ɗaya ya faɗo tsakar gida taku biyu daga inda ƙaramar 'yata take. Don Allah ku daina ɗora bulo da duwatsu kuna cewa kun danne rufi, makami kuke ajiye wa iska. Iska ta ƙarƙashin baki take shiga ta tura sama, saboda haka maganin shi ne a ɗaure katakon da waya ko rodi har cikin bango, ƙusa mai hula a buga ta a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, a yawaita ta a gefe da kusurwa inda iska ke fara ɓamɓara, kuma kada a bar bakin kwano ya yi tsawo da yawa a waje. Ni Afrilu nake hawa da kaina in bi ƙusa ɗaya ɗaya, wadda ta yi lako-lako in canza. In ka bari sai hadari ya haɗo sannan ka aika yaro neman kafinta, to ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in iska ta taso a rufe ƙofa da taga a tattara yara ciki, kar wanda ya fita bin kwanon da ya tashi, kwano a iska wuƙa ne.

Yanzu bari in yi faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Kai da kake zuba shara da leda a kwata duk rani, kai ne farkon mai zagin hukuma ranar da ruwa ya shigo maka zaure. Kai kuma da kake zuwa da amalanke cikin dare kana ɗibar ƙasar jinga don yin tubali, ka san abin da kake yi kuwa? Unguwa guda kake huda wa. Sai an yi magana a ce komai nufin Allah ne. Eh nufin Allah ne, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, ba a ce ka sake shi ka kwanta ba. In bulama ya kira aikin gayya na cika buhu, masu manyan riguna su ne ba a gani, sai yara da talakawa, alhali sitonsu ne ya fi kusa da ruwan.

Tunda na ambaci buhu, mafi yawanmu ba mu iya shi ba. Ana cika shi dam a ɗaure kamar na gero, sai ya zama dunƙule ruwa na bi ta tsakani. Rabi da ɗan ɗori ake zuba yashi, a naɗe bakin a ƙasa, a jera kamar ginin bulo na sama ya hau kan mahaɗar na ƙasa, a tattake. Kuma ka sani buhu a ƙofa ba ya hana ruwan da ke ɓullowa ta kwata da masai.

Gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa. In ruwa ya kwanta a jikin bango kwana biyu, ko saman bangon bai tsage ba kar a kwana a ɗakin, yawancin waɗanda gini ke dannewa cikin barci ne. Gara a kwana a waje cikin gidan sauro a sha cizon sanyi.

Takardu kuwa, takardar haihuwar yara, katin ɗan ƙasa, takardar fili, na makaranta, a daina ɓoye su a ƙasan akwati ƙarƙashin gado. Nawa suna cikin leda biyu a cikin bokitin fenti mai murfi a rataye, kuma duk na ɗauki hotonsu na tura wa ƙanina a Marwa ta Kamaru. Kuɗi kar ka bar su duka a Airtel Money ko Moov, ranar da ruwa ya zo mai kiyos ɗin ma gudu yake, mai kwalekwale kuma tsaba yake karɓa, ka ajiye 'yan canji a jiki. Tocila da waya a cike da caji. Mai ciwon suga ko hawan jini maganinsa ya shiga jaka tun kafin ranar. Ruwa ya fara shigowa a kashe wuta daga mita da busasshen hannu, kar a tsaya cire firji ana tsaye cikin ruwa. Ana tsawa ba a fakewa gindin bishiya, wannan ko yaro ya sani amma kullum sai an yi.

'Yan uwanmu na Marwa ku naku daban ne, mayo, wato kogunan da ke ƙafewa da rani. Kaliyawo da Tsanaga rani duk yashi ne yara na ƙwallo a ciki, sai a yi ruwa can kan duwatsun Mandara ku ko ɗigo ba ku gani ba, ruwa ya taho a guje. Ruwan da ya karya gadar Palar a 2020 ba mashin ɗinka zai ji wa kunya ba. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa ka jira, awa biyu ne ya sauka, ɗaurin auren da kake sauri za a ɗaura ko ba ka.

Sai wanda ba a ɗauka a bakin komai ba, ruwan sha bayan ambaliya. Masai ya cika ya haɗe da rijiya, ruwan ya kwanta ya yi garau a ido, a ɗiba a sha, kwana biyu amai da gudawa ya shiga gida. Har famfon tuƙa-tuƙa in ruwa ya rufe kansa ban yarda da shi ba. Ni tafasawa nake sa a yi, shi ya sa buhun gawayi ɗaya yake zaune a sama ba a taɓa shi, in babu hali a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a jira minti 30. Yaro ya fara zawo a haɗa masa ruwan gishiri da suga, lita 1 na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya asibiti, ba a zauna ana jiƙa saiwa ba. Yara kuma a hana su wanka a ruwan da ya kwanta a layi, akwai kwalba akwai maciji, kusa da kogi har dorina tana fitowa.

Komawa gida ma akwai garaje a ciki. Ruwa ya janye yau gobe an kwaso iyali an dawo saboda tsoron ɓarayi, alhali bangon da ya sha ruwa lokacin da ya fara bushewa ma yana iya zubewa. Namiji ɗaya ya je ya yi gadi a tsakar gida, a buɗe ƙofofi ɗaki ya sha iska, a kira magini ya duba gindin bango, a ɗaga kaya da sanda ba da hannu ba saboda kunama da maciji, sannan mata da yara su biyo baya.

Yaron nan mai bidiyo dai na kai shi bayan ɗakin nasa na nuna masa tabon, ya kai masa ƙirji. Ya ce to Alhaji yanzu ya zan yi na riga na biya wata shida. Na ce ya samo durom biyu da katako ya ɗaga katifa da buhun abincinsa, takardunsa ya kawo in saka a bokitina, ranar Asabar kuma ya aro tsani mu hau mu ga ƙusoshin rufin, don daga ƙasa ma ina hango bulo uku a kai.