Yadda nake ƙoshi da kuɗi kaɗan a ɗakin cin abincin ɗalibai a Japan

Ranar da na fara shiga ɗakin cin abincin jami'armu a Tokyo, tsayawa na yi gaban na'urar tikiti ina zare ido, layi ya taru a bayana. Gakushoku suke kiran irin wannan wuri. Kada ka yi irin tawa. Ka gama zaɓenka tun daga ƙofa, inda ake jera hotuna ko samfurin abincin na roba. Sannan ka zura takardar yen 1,000, ka danna maɓalli, tikiti ya faɗo da canjinka, ka miƙa wa matar da ke bayan kanta. Riƙe tsaba a aljihu, domin wasu tsofaffin na'urori ba sa karɓar sabbin takardun kuɗin da aka fitar a Yulin 2024.

Idan ba ka cin naman alade, haddace wannan harafi kafin komai: 豚. Buta ake karanta shi, wani lokaci ton, kamar a sunayen abincin alade irin su tonkatsu da tonjiru. Kare raisu, shinkafa da miyar kori mai kauri, tana da arha ga cika ciki, amma a yankin Tokyo galibi da alade ake yin ta, kuma ko ba ka ga nama ba, kitsensa kan shiga haɗin miyar. Ka tambaya: "Buta wa haitte imasu ka?", wato akwai alade a ciki? Akwai kuma mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da ake zubawa a romo iri-iri. Wasu jami'o'in suna da abinci mai tambarin halal, ka duba allonsu.

Ni dai saba shioyaki na riƙe, kifin teku mai maiƙo da aka gasa da gishiri kawai. A matsayin teishoku yake zuwa: kifin, kwanon shinkafa, miyar miso (ta ƙullun waken soya mai gishiri) da ɗan ganye mai tsami, duk a tire ɗaya. Fatar kifin ta yi ƙurus, ka matsa da tsinken cin abinci, mai ya biyo. Ranar da yunwa ta yi yawa sai in ce oomori, a tula mini shinkafa da ɗan ƙarin kuɗi. Ranar da aljihu ya yi sanyi kuwa, kake udon, taliya mai kauri cikin romo da albasa mai lawashi, kusan ita ce mafi arha a allon. Zuƙe ta da ƙara, ba wanda zai kalle ka.

Ruwa ko shayi kyauta ne, da kanka za ka ɗebo. Kada ka soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka ake ajiye wa mamaci. Ba a ba da tukuici. In ka gama, ɗauki tirenka zuwa tagar mayar da kwanuka, ka ce wa masu wanke-wanke "gochisousama deshita", wato na gode da abinci, ka ba na bayanka kujera, don tsakanin 12 da 1 na rana wurin zama wuya yake yi.