Yadda ake shirya gajeren fim mai tallata layin taimako ga masu tunanin kashe kansu

Kafin a rubuta layi ɗaya na labari, a ɗauki waya a buga lambar da za a tallata. A buga da rana, a buga ƙarfe biyun dare, a buga ranar Juma'a da ranar Lahadi, kuma a gwada daga layin MTN da Airtel da Glo. Abin da ake nema shi ne: ana ɗagawa? Bayan ƙara nawa? Mai ɗagawa yana jin Hausa? Kiran yana cin kuɗi ko kyauta ne? Idan lambar tana kashe da dare, ko sai mai jin Turanci kaɗai zai amfana, dole fim ɗin ya faɗi haka ko a nemi wata. Mutumin da ya daure ya kira cikin ƙunci ya ji wayar a kashe, da wuya ya sake gwadawa.

Daga nan a je wajen masu layin a zauna da su. A Najeriya akwai SURPIN, ƙungiyar bincike da rigakafin kashe kai mai layin taimako, wadda ta samo asali daga asibitin koyarwa na jami'ar Legas, akwai kuma 112 ta gaggawa, sannan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. A karɓi izini a rubuce na amfani da suna da lamba, a tambayi mutum nawa ke ɗaukar kira a lokaci guda, kuma a sa ranar fitar da fim tare da su domin su ƙara hannu. Ana iya zaɓar 10 ga Satumba, ranar yaƙi da kashe kai ta duniya, wadda aka fara a 2003.

Labarin shi ne inda aka fi yin ɓarna. Al'adar fim ita ce a kai mai kallo ƙololuwar baƙin ciki, a nuna gawa, a sa kiɗa mai sosa rai. A wannan aiki hakan haɗari ne. Tun 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa yawan masu kashe kansu yana ƙaruwa bayan an yayata labarin wani a jarida. Netflix ma sai da ta cire fitowar da ta nuna mutuwar jarumar shirin 13 Reasons Why a 2019, shekara biyu bayan fitowarsa. Akasin haka kuma an gani. A 2017 mawaƙin Amurka Logic ya fitar da waƙar da sunanta shi ne lambar layin taimakon ƙasar a lokacin, kuma binciken da mujallar likitanci ta BMJ ta buga a 2021 ya sami ƙarin kira kusan 10,000 a lokutan da waƙar ta fi tashe, tare da raguwar mace-mace. Labarin wanda ya shiga ƙunci ya fita shi ke ceto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu fim a 2019 a kan wannan turba, kuma ya kamata darakta da marubuci su karanta shi tare.

Saboda haka kada a nuna hanyar da ake bi, ko da a fakaice: ba kwalba a kan tebur, ba sunan wani abu, ba wurin da mutane za su gane. Kada a nuna wasiƙar ban kwana. Kada a jingina komai ga dalili guda, wato saurayi ya yaudare ta ko ya faɗi jarrabawa shi ke nan, domin duk wanda ke cikin irin wannan hali zai ɗauka nan ce makomarsa. A nuna abubuwa sun taru: bashi, rashin barci, janyewa daga majalisa, daina cin abinci da iyali. Kada kuma a yi fitowar da ’yan uwa ke kuka suna nadamar yadda suka yi masa, domin tana koyar da cewa mutuwa hanya ce ta ramuwa. Jimloli irin su "ya huta" ko "bai yi nasara ba" a goge su daga rubutun.

Tsawon minti uku zuwa biyar ya isa, wato shafi uku zuwa biyar na rubutu, jarumai biyu ko uku, lokeshan biyu, kwana ɗaya ko biyu na ɗauka. Kusan rabin lokacin a ba wa kiran wayar kansa. Abin da ke hana mutane kira shi ne rashin sanin abin da zai faru, don haka a nuna shi dalla-dalla: yatsa yana kai-komo a kan wayar, an ɗaga, an yi sallama, shi kuma ya yi shiru. Mai ɗagawa ba ya gaggawa, sai ya ce, "Ina jin ka, ba sai ka faɗi sunanka ba." Daga baya ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Marubuta kan ji tsoron wannan tambaya su zagaye ta, alhali masana sun tabbatar yin ta ba ya cusa tunanin a zuciyar kowa. Maganar mai ɗagawa a bar wa ma'aikacin layin ko likitan ƙwaƙwalwa ya gyara ta, kuma kada a sa masa alkawarin da layin ba zai iya cikawa ba. Ƙarshen fim ma kada ya zama komai ya warware cikin dare ɗaya. Ya isa a ga mutumin ya wayi gari, yayarsa ta raka shi asibiti.

A ƙasar Hausa akwai abu biyu da za a lura da su. Na farko addini. Kowa ya san hukuncin, har da wanda ke cikin ƙuncin, kuma fim ɗin da ya koma wa'azin azaba yana ƙara masa ɓoye abin da ke ransa. Ya fi amfani a ga malami ya saurare shi, ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Wannan ciwo ne, yana da magani, mu kira su." Na biyu doka: sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa da sashe na 327 na Criminal Code na Kudu sun sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka masu ɗaurin shekara ɗaya, abin da Ghana ta soke a 2023. Don haka idan za a yi amfani da labarin wani na gaske, a sauya suna da gari da sana'a, kuma a ba shi damar janye izininsa har zuwa ranar fitarwa. Fim ɗin da za a nuna a Kano sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, a ware lokacin hakan.

Wajen ɗauka, sauti ya fi hoto muhimmanci, tunda zuciyar fim ɗin murya ce a waya. A maƙala wa jarumi ƙaramar makirfo a ƙirji, a ajiye janareta can nesa a jawo wuta da doguwar waya, a kashe fanka, a ɗauki sautin ɗakin babu magana na daƙiƙa 30 domin edita ya cike giɓi. Muryar mai ɗagawa a ɗauke ta daban da tsabta, a siranta ta wajen editin ta yi kamar daga waya take fitowa. A saita kyamara kan hoto 25 a daƙiƙa, in ba haka ba fitilun ɗaki za su riƙa ƙyaftawa a hoton. A faɗa wa jarumai da ma'aikata jigon tun kafin su amsa, a sami mai ba da shawara a wurin, domin a cikin mutum goma sha biyar da wuya a rasa wanda abin ya taɓa gidansu.

Lambar kuwa ta fito sau biyu, lokacin kiran da kuma ƙarshe, farin rubutu manya a kan baƙin fage, a rarraba ta huɗu-uku-huɗu, ta tsaya aƙalla daƙiƙa goma. A karanta ta da murya a hankali, saboda masu kallo da yawa ba sa karatun boko, kuma wannan sautin zai yi aiki a rediyo. A manna ta cikin hoton kansa, domin bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo yana ɓacewa da zarar an tura ta WhatsApp. A fitar da kwafi na tsaye mai daƙiƙa 30 don TikTok da sitatus, lambar a tsakiya inda maɓallan manhaja ba za su rufe ta ba, sannan a duba shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi kafin a amince.

Bayan fitarwa a sa mutum biyu su riƙa duba saƙonni a Facebook da YouTube na makon farko, da amsa a shirye mai ɗauke da lambar, suna goge duk maganar da ta ambaci hanya ko ta yi izgili. Bayan wata guda a tambayi masu layin ko kira ya ƙaru idan aka kwatanta da watan da ya gabata, kuma duk wata uku a sake buga lambar. In ta sauya, a sauke tsohon kwafin a ɗora sabo.