Yadda ake haɗa gidan tsuntsu na katako a lambu

Ba kowane tsuntsu ne ke shiga akwati ba. Kurciya a kan reshe take jera 'yan tsinkayenta, kabare kuwa saƙa tasa sheƙar yake yi. Wanda ake yi wa wannan gida shi ne tsuntsun da ya saba neman kogon bishiya ko ramin bango, irin su gwara. Abu biyu ne ke hallaka 'ya'yansa a ƙasar zafi: rana da maƙiya. Duk awon da ke ƙasa saboda su aka yi shi.

A nemi katako busasshe mai faɗin santimita 15, kauri santimita 2, tsawo santimita 160. Kaurin nan shi ne ke tare zafi, don haka kada a rage shi. Filawud na kumbura ya ɓare a damina ɗaya, kwano kuwa tanda ne. Ɗanyen katako zai kantare idan ya bushe, haɗin ya buɗe. A guji wanda aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, domin warinsa na taruwa a ciki idan rana ta take. Sauran kayan aiki: zarto, guduma, tef na awo, fensir, abin huda, samfefa, ƙusa mai inci 2 wadda ba ta tsatsa kamar guda 20, ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai, 'yar waya, da guntun tsohon tib na keke.

A fara da awo, a zana layi kafin a ɗora zarto. Bangon baya santimita 45, na gaba 22, rufi 23, daɓen ƙasa 11. Gefuna biyun daga yanki ɗaya mai santimita 51 suke fita: a auna 28 a wannan baki, 23 a wancan, a haɗa alamomin biyu da layi, a yanka a karkace. Za a sami gefuna biyu iri ɗaya, kowanne dogo ta baya, gajere ta gaba. Wannan gangaren ne zai riƙa zubar da ruwan sama.

Sai ƙofa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Don gwara, faɗin ramin milimita 32 ne, tsakiyarsa santimita 4.5 daga saman bangon gaba. Idan ya fi haka faɗi, manyan tsuntsaye da ɓera za su shiga su kwashe ƙwai. Idan ya yi ƙasa da yawa, kyanwa za ta zura hannu ta kai ga sheƙa, 'yan tsakin ma za su iya faɗowa tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba. Tsakanin daɓe da bakin ramin kada ya gaza santimita 12.5. Wanda ba shi da bakin huda mai wannan girma ya zana da'irar, ya bi layin da ƙananan huji kusa da juna, ya ƙwanƙwashe tsakiyar, sannan ya naɗa samfefa a sanda ya goge bakin har ya yi sumul. A taɓa da yatsa. Duk sartsen da ya soki yatsa zai fige gashin uwar da ke shiga da fita sau da dama a yini.

Ta cikin bangon gaba, ƙarƙashin ramin, a ja zarto a kwance sau biyar ko shida, a yi 'yan zane marasa zurfi. Tsani ne da 'ya'yan za su kama da farce ranar fita. Katakon da injin ya goge santsi gare shi, sukan kasa hawa.

Kada a kafa 'yar sandar sauka a bakin ƙofa, ko da ta yi kyau a ido. Gwara ba ya buƙatarta, mai farautarsa ne ke samun wurin tsayawa.

A huda daɓen ƙasa wuri huɗu da bakin milimita 6 don ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Kowane gefe ma a yi masa huji biyu can sama don iska.

Wajen haɗawa, a fara huda wurin kowace ƙusa da siririn baki, in ba haka ba busasshen katako tsagewa yake yi a bakinsa. A ɗora gefuna biyu a kan bangon baya, dogon bakinsu yana jingine da shi, a bar santimita 7 a ƙasa da 10 a sama don ratayewa, a buga ƙusa ta baya. A cusa daɓen tsakaninsu, a ɗan ɗaga shi sama kamar rabin santimita yadda ruwan da ke bin bango zai ɗiga ƙasa ba tare da ya jiƙa shi ba. Sannan a buga bangon gaba, ƙasansa daidai da ƙasan gefuna. Za a ga ya gaza su da santimita 1 a sama. Da gangan ne, ta nan zafi zai riƙa fita.

Rufin ba a buga shi da ƙusa. A ɗan fiƙe bakinsa na baya ya zauna daram a jikin bangon baya, a yanko tib mai faɗin santimita 6, a buga rabinsa a kan rufin, rabi a bangon, da ƙananan ƙusoshi. Robar ta zama abin buɗewa kuma ta toshe hanyar ruwa. Rufin zai zarce gaba da kusan santimita 5, ya yi wa ƙofa inuwa. A kafa ƙusa ɗaya a gefen rufi, ɗaya a gefen akwati, a ɗaure su da waya saboda iska da kyanwa. Ciki ba a yi masa fenti. Waje in ana so, a shafa fenti na ruwa mai haske, a bar shi ya sha iska har warin ya tafi.

A rataye shi mita 2 zuwa 4 daga ƙasa, a wuri mai inuwa, ƙofa na kallon arewa. Yamma ranar la'asar ce, gabas kuwa ta nan hadari ya fi tasowa a ƙasar Hausa. A ɗan sunkuyar da shi gaba kaɗan. A jikin bishiya, a ɗaure da waya da aka zura cikin guntun tiyo don kada ta ci bawo, a riƙa sassauta ta duk shekara. A duba kada a sami reshe ko katanga dab da shi inda kyanwa za ta yi tsalle, kuma kada a zaɓi bishiyar da tururuwa ke hawa ko gara ta yi wa hanya. Idan a kan turke ne, na ƙarfe mai santsi ya fi, don maciji da ƙadangare na shan wuya a kansa.

A kafa shi tun da bazara, kafin ruwa ya sauka, kuma kada a zuba komai a ciki, su za su kawo ciyawarsu. Yakan yi watanni babu mai shiga. Idan shekara ta zagayo haka, a sauya masa wuri. Da zarar an ga suna shiga da ciyawa a baki, a daina buɗe rufin. Bayan kaka, idan an tabbatar babu kowa, a sauke shi, a fara leƙawa a hankali ko rina ko zuma sun tare, a kwashe tsohuwar sheƙa, a kwarara tafasasshen ruwa don kashe ƙwari, ba maganin feshi ba. Ya bushe sarai, a sake duba robar rufin, sannan a mayar da shi.