Yadda Za Ka Shirya wa Digiri na Biyu a Dokar Tsaron Ƙasa a Amurka

Digirin LL.M. a dokar tsaron ƙasa karatu ne na shekara ɗaya, zango biyu, ga wanda ya riga ya kammala digirin farko na lauya. Daga cikin makarantun da suka yi fice a kansa akwai Jami'ar Georgetown da Jami'ar George Washington, dukkansu a birnin Washinton, inda lauyoyin da suka yi aiki a ma'aikatun tsaro da shari'a da harkokin waje ke koyar da darussa da dama.

Kafin ka cike fom, duba aikin da fasfonka zai ba ka damar yi, domin nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Aikin lauya a Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, ko a hukumomin leƙen asiri sai da izinin ganin bayanan sirri, kuma a ƙa'ida ɗan ƙasar Amurka ake ba wa. Idan kai baƙo ne, ka karkata zuwa inda ƙofa take a buɗe: takunkumin tattalin arziki da ofishin OFAC na ma'aikatar baitulmalin Amurka ke aiwatarwa, akasari a ƙarƙashin dokar IEEPA ta 1977 mai ba shugaban ƙasa ikon gaggawa kan tattalin arziki, ko binciken da kwamitin CFIUS ke yi wa jarin ƙasashen waje, ko dokar yaƙi. Bankuna da manyan ofisoshin lauyoyi da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna neman masu wannan ilimi.

Takardun neman gurbi yawanci ta hannun LSAC, hukumar da ke tattara wa makarantun lauya takardun masu nema, suke bi. Jami'ar da ka gama ce za ta aika sakamakonka kai tsaye, ba kai ba, kuma tantancewar kan ɗauki makonni, don haka ka fara da ita tun da wuri. Sai wasiƙun shaida daga malamai ko shugabanninka, da jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS idan an buƙata. A takardar bayanin kanka, kada ka tsaya ga cewa kana sha'awar tsaro. Ɗauki tambaya ɗaya ta shari'a ka nuna ka san bakin zarenta.

Abin da ya fi cancanta ka karanta kafin ka tafi shi ne hukuncin Youngstown na 1952. Shugaba Truman ya ƙwace masana'antun ƙarfe lokacin yaƙin Koriya, Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan hurumi. Mai shari'a Jackson ya kasa ikon shugaban ƙasa gida uku: yana da ƙarfi sosai idan majalisa ta ba shi izini, yana cikin rashin tabbas idan ta yi shiru, ya kuma fi rauni idan ya saɓa mata. Da wannan ma'auni za ka auna kusan duk abin da zai biyo baya: dokar ikon yaƙi ta 1973 mai wa'adin sa'o'i 48 na sanar da majalisa da kwana 60 na janye sojoji, dokar FISA ta 1978 kan sa ido, izinin amfani da ƙarfin soja na 2001, da hukuncin Boumediene na 2008 kan fursunonin Gwantanamo. Wanda bai san tsarin mulkin Amurka ba zai sha wuya a makonnin farko. Ka haɗa da sashe na 51 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya shafi 'yancin ƙasa na kare kanta, da Yarjejeniyoyin Geneva na 1949.

Idan kana son zama jarrabawar lauyoyi ta New York kuma sai da LL.M. za ka cancanta, ka lissafa kiredit ɗinka, wato adadin nauyin darussan da za ka ɗauka, tun ranar rajista. Ana buƙatar 24, ciki har da biyu na ɗa'ar aikin lauya, biyu na bincike da rubutun shari'a, biyu na tsarin shari'ar Amurka, da shida na darussan da ake jarrabawa a kansu. Rabin karatunka ke nan, ragowar ne za ka ba darussan tsaro, kuma wasunsu a zango ɗaya kaɗai ake koyar da su.

Mai bizar ɗalibai ta F-1 yana iya samun izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa. Ana fara karɓar takardar nema kwana 90 kafin ƙarshen karatu, kuma ba a fara aiki sai katin izinin ya iso hannu.