Yadda ake haɗa Sound Blaster 16 a tsohuwar kwamfuta mai DOS

In ka samu irin tsohuwar kwamfutar 486 ɗin nan kana so ta yi magana ba wai ƙit-ƙit ɗin ƙaramin lasifikar cikinta ba, to ga yadda ake yi. Da farko kashe ta ka zare wayar wuta, ka duba katin sautin, wato Sound Blaster 16 ɗin, kafin ka saka shi, akwai wasu ƴan ƙananan filogi da ake kira jamfa a jikinsa, su ne ke tsayar da adireshi, wato lambar da kwamfuta ke samun katin da ita, yawanci 220 ne, barshi haka kawai. Ka tura shi cikin baƙin ramin saka kati da ke cikin kwamfutar, wanda ake kira ISA, da ɗan ƙarfi har ya zauna daram.

Kunna, saka fulofi ɗin Creative, kamfanin da ya ƙera katin, rubuta A:INSTALL. Zai tambaye ka IRQ da DMA, wato lambobin layukan da katin ke magana da kwamfutar ta kansu, nan ne mutane ke kwana. Zaɓi IRQ 5, DMA 1, babban DMA kuma 5. Kar ka ɗauki IRQ 7 in kana da firinta, don layinta ne, sai su riƙa faɗa sauti na yankewa ko kwamfutar ta sandare.

Bayan nan buɗe AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke karantawa in an kunna kwamfuta, da manhajar EDIT, ka tabbatar akwai wannan layin:

SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 P330 T6

Sake kunna ta, gwada DIAGNOSE, manhajar gwajin katin. Amma fa gem da yawa sai ka shiga SETUP ɗinsu ka sake ba su lambobin nan da hannu, Doom na 1993 ma haka yake, in ka yi kuskuren lamba ɗaya kiɗa zai tashi amma harbin bindiga shiru.